Tambaya da Amsa: Yaya Zan Ɗora Hoto a Kan Kek Ba Tare da Ya Lalace Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Kwanan nan na zana hoton tsuntsu da sunan ɗiyata a kan takarda da aisin ɗin bota (haɗin bota da sukari da ake shafa wa kek), na daskarar da shi a firiza, sannan na kife shi a kan kek. Da na ɗaye takardar sai na tarar sunan ya fito a juye, kuma bayan ɗan lokaci baƙin launin ya malala cikin farin. A ina na yi kuskure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Hanyar da kika bi mai kyau ce, kuma ita nake fifitawa ga wadda ba ta ƙware a zane ba, domin bin layi kawai take buƙata. Abin da ya kuɓuce miki shi ne, gefen zanen da ke manne da takarda shi ne zai koma sama idan an kife, saboda haka dama za ta koma hagu. Kafin ki buga hoton, ki juya shi a waya ko a kwamfuta yadda zai fito tamkar a madubi. Idan kin ɗaga shi gaban madubi sunan ya karantu daidai, to ya yi.

Ki manna hoton a kan faranti shimfiɗaɗɗe, ki rufe shi da takardar gashin kek wadda ake hango hoton ta cikinta, ki fara bin layukan kina matso aisin daga jakar matsawa mai siririn baki. Tunda aikin daga gaba yake tafiya zuwa baya, ƙananan abubuwa ake fara sakawa: ƙwayar idon tsuntsun kafin farin idon, layin fukafukai kafin launin jiki. Ki riƙa danna kowane launi a hankali da bayan ƙaramin cokali don ya cike kusurwoyi, domin iskar da ta maƙale a ciki ita ce ke barin ramuka a fuskar hoton. Daga ƙarshe ki shafe bayan zanen gaba ɗaya da aisin mai launin kek ɗin, ki bar shi a firiza aƙalla awa 2 har ya yi tauri.

Malalar baƙin launi kuwa aikin danshi ne. Zanen da ya fito daga firiza, inda sanyi ke kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, yana haɗuwa da iska mai ɗumi sai ya yi gumi, ruwan nan kuma shi ke kwashe launi mai duhu ya kai shi cikin fari. Da zarar kin ɗora zanen kin ɗaye takardar, ki saka kek ɗin a kwali ki rufe, ki ajiye a firij ya saki sannu a hankali, kuma idan kin ga ɗigon ruwa kada ki goge, ki bari ya bushe da kansa. Ki yi amfani da kala mai kauri maimakon ta ruwa, kuma ki haɗa baƙin daga aisin mai koko, wanda dama yana da duhu, don kada ki zuba kala da yawa. Bota ta ainihi ta fi daskarewa sosai. Mai laushi takan narke tun kafin ki gama ɗaye takardar.

Idan hoton fuskar mutum kike so, wannan hanyar ba za ta fitar da kamanni ba. Sai dai a buga shi a kan takardar sukari da tawadar da ake ci, a firintar da aka keɓe don haka kaɗai, wadda tawadar ofis ba ta taɓa shiga cikinta ba. Shi irin wannan hoton ba a juya shi, domin fuskarsa na kallon sama ake shimfiɗa shi.