Amsa: tafiya ƙasar waje da giyar da ka haɗa a gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya tafiya da giyar da ka haɗa da kanka, da kuma yadda za ka haɗu da masu irin wannan sha'awa a can.

Fara duba dokar ƙasar da za ka sauka, har da wadda za ka ya da zango. Saudiyya da Kuwait ba a shiga da giya ko kaɗan. Amurka kan bar wanda ya kai shekara 21 ya shiga da lita 1 ba haraji. Ko nawa ka ɗauko, ka faɗa wa kwastan, kada ka ɓoye.

Jakar hannu ba ta yi, yawancin filayen jirgi ba sa barin ruwan da ya wuce mililita 100. Sai babban akwati. Kowace kwalba ka sa ta a leda, ka naɗe da tufafi, ka cusa tsakiya. Ka tabbata ta gama tsima tukuna, don in da sauran sukari, zafi da jijjiga na iya fasa ta. Ni kwalba ɗaya ta taɓa jiƙa mini kaya kaf. In ka isa, bar ta a tsaye cikin firji kwana 2 ko 3, yis ɗin da ya sa ta tsima ya kwanta a ƙasa.

Haɗuwa kuwa ba wuya: nemi ƙungiyar masu haɗa giya a gida a Facebook, ko shagon da ke sayar da kayan haɗin, ka yi musu magana tun kafin ka taso. Amma a Japan a yi hattara, haɗa abin da ƙarfinsa ya kai kashi 1 cikin 100 ba lasisi laifi ne.