Na sallama wa Alhaji gida, amma kuɗin na maƙale a gidansa na Marwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, kayan babur nake sayarwa. Ina da gida a Rumde Ajiya, ɗaki huɗu da falo da rijiya, kuma titir ɗinsa, wato takardar mallaka ta gwamnati, da sunana yake. Na sa shi a kasuwa saboda ina so in koma Ngaundere in ƙara jari. Wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina, ya taya miliyan 18 na sefa, na sallama. Ya ba ni miliyan 2 kafin alƙalami a gaban dillali da limamin unguwarmu, ya ce cikon sai ya sayar da gidansa na Domayo a Marwa. Yau wata uku ke nan, kullum na kira sai ya ce an kusa. Yanzu ya aiko a ba shi makulli, iyalinsa su tare kafin yara su koma makaranta a Satumba. Ga shi wani ya zo da miliyan 16 da rabi a hannu. Ina jin nauyin Alhaji ƙwarai, shi ya karɓa mini aure. Miliyan 2 ɗin kuma na riga na zuba su a kaya. Yaya zan yi?

Wani mai karatu, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka.

Makulli tukuna, don shi ne na gaggawa: kada ka bayar. Ba ina zargin Alhaji da mugun nufi ba ne. Amma yau shi ne a matse, yana son gida kafin Satumba, saboda haka yana bin dillalan Marwa da waya. Ranar da Hajiya ta jera kwanukanta a falonka, aka ɗaura igiyar shanya a tsakar gida, matsin ya tashi daga kansa ya dawo kanka. Me zai sa ya rage farashin gidan Domayo alhali yana kwana a inuwa kyauta? Idan kuma abu ya lalace, ba ka da ikon fitar musu da kaya da hannunka, sai ka bi ta kotu da husiye, wato jami'in da ke zartar da hukuncin kotu. Kai da ka kasa ce masa ya sa rana, kai ne za ka kai wanda ya karɓa maka aure gaban alƙali?

Yanzu mu duba abin da ke hannunka. A Kamaru, doka mai lamba 74-1 ta 6 ga Yulin 1974, a sashe na 8, ta ce duk takardar da za ta mayar da mallakar gida ko fili daga wani zuwa wani dole a yi ta a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta irin waɗannan takardu da tabbatar da su, in ba haka ba ba ta da ƙarfi. Shaidar liman da dillali tana da daraja a unguwa da wajen Allah, amma ba ta sauya suna a titir. Har yanzu gidan naka ne. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka ka karɓi kuɗin na biyu gobe da safe. Ka ce ka sallama, ka karɓi kuɗin mutum a gaban shaidu, kuma addini ya hana yin ciniki a kan cinikin wani. Sai an warware na farko a fili, a rubuce, kafin a buɗe na biyu.

Kuskuren da aka yi ranar ciniki ɗaya ne: an ɗaure biya da "sai gidana ya sayu". Wannan ba rana ba ce. Gida na iya sayuwa jibi, yana iya kaiwa shekara biyu, musamman idan mai shi ya ɗora masa farashin da zuciyarsa take so. Malamanmu na Malikiyya ma ba su bar irin wannan a buɗe ba. Idan aka yi ciniki da sharaɗin zaɓi, wato a cika ko a fasa, wa'adin da suka ba gida kamar wata guda ne, kuma suka ce mai saye ba ya zama a ciki a wannan lokacin. Kai ka riga ka ba da uku. Ka ga ke nan in ka nemi a sa rana, ba rashin kunya ka yi ba, abin da ke littafi ka nema.

Kafin ka je wurin Alhaji, hau mota ka je Marwa. Tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, ka tafi da asuba ka kwana gida. Kuɗinka miliyan 16 a jikin wancan gida suke, don haka ka dube shi da idon mai saye. Yana da titir, ko takardar Jauro, wato mai unguwa, ce kawai? Wannan dokar ta 1974 ba ta amince da sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba, kuma mai kuɗi da wayo ba zai zuba miliyoyi a kan takardar hannu ba. Da sunan wa yake? In gidan gado ne da ba a raba ba, magaji ɗaya da ke Yawunde ya isa ya tsayar da komai. An jinginar da shi a banki? Noter zai iya nemo takardar shaidar mallaka daga ofishin ajiyar takardun filaye na Diyamare, ita take nuna mai gida da kuma ko akwai jingina a kai. Sannan ka zauna da dillalai biyu a can, ba wanda Alhaji ya ba gidan ba, ka tambaye su nawa aka taya. In yana neman 25 ana taya 15, to jiran gawon shanu kake yi.

Da ka dawo, kada ka je shi kaɗai. Ɗauki baffanka ko limamin da ya yi shaida, su buɗe maganar, kai ka cika. Abin da za ka faɗa gajere ne: "Baba, ni ma akwai masu jirana a Ngaundere. Ina roƙon a sa rana, mu je wurin noter a rubuta." Abin da za a rubuta kuwa: farashi miliyan 18, an karɓi 2, cikon zuwa rana kaza, ni dai ba zan wuce kwana 30 zuwa 45 ba. In ranar ta zo babu kuɗi, ciniki ya warware da kansa ba sai an sake zama ba. Makulli da titir suna hannunka har sai an biya tas. Ka kuma sa a rubuta cewa gidan na nan a kasuwa, in mai kuɗi hannu ya zo za a sanar da Alhaji a ba shi mako guda ya cika ko ya janye. Ina mamakin yadda mutane ke jin kunyar wannan sharaɗi, alhali shi ne ke sa mai saye ya tashi tsaye. Sau da yawa a cikin wannan mako gudan ne ake tuna akwai shanu a ruga ko wani fili da za a iya sakewa.

Miliyan 2 ɗin nan su ne inda zumunci ke ɓaci, don haka a fayyace makomarsu. Kundin dokar farar hula da ake aiki da shi a wannan ɓangare na ƙasar, a sashe na 1590, ya san wani nau'in kuɗin riƙo wanda in mai saye ya fasa ya yi asararsa, in mai sayarwa ne ya fasa ya mayar da ninki biyu. In aka ɗauki naka a haka kuma kai ka janye, miliyan 4 ne a kanka. A ɗaya gefen, Malikiyya ba su halatta a cinye kafin alƙalami don ciniki ya fasu ba. Mafi sauƙi a rubuta cewa in an fasa, Alhaji zai karɓi kuɗinsa cif, ba ƙari ba ragi. Tunda ka zuba su a kaya, fara haɗa su tun yanzu, ko ka nemi a rubuta maka wa'adin mayarwa, ko a cire su daga kuɗin mai saye na biyu a teburin noter. Ba ka da bakin cewa a warware alhali aljihunka babu abin mayarwa.

Game da na biyu, bambancin miliyan 1 da rabi ne. Lissafa abin da miliyan 16 za su juya maka a kayan babur cikin wata shida, ka gwada. Amma ka tabbatar kuɗin nasa a hannu suke da gaske, domin dillali kan kawo mai tayi don ya zaburar da ciniki ya ci la'adarsa. Ka ce ya ajiye kuɗin wurin noter ya jira wa'adin Alhaji. La'ada kuma sai ranar da aka sa hannu, kuɗin takardu a doka na kan mai saye ne sai in an yi wata yarjejeniya.

In dattawa suka matsa lallai sai iyalin sun tare saboda makarantar yara, kuma ka ga ba za ka iya ƙi ba, to su shiga a matsayin 'yan haya: takardar haya daban, kuɗin wata a rubuce, da ranar fita. Kuma wannan ma sai bayan ka dawo daga Marwa ka ga titir da idonka.