Zuwa Grand Portage: ruwan ne abin tsoro, ba mutanen ba

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Minesota, mu huɗu muka shirya zuwa Grand Portage a watan Agusta, mu ga tsohon sansanin cinikin fata sannan mu ɗan shiga kwale-kwale. Amma an ce mana wai ƙasar 'yan asalin wurin ce ba sa son baƙi, ga kuma beyar a dajin. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, mu fasa ne?

Amsa: Ƙanina kar ku fasa. Eh, wurin cikin ƙasar Ojibwe yake, wato 'yan asalin wurin, kuma su da hukumar gandun ƙasa ta Amurka ke tafiyar da shi tare, shiga ma kyauta ne. Wanda ya ce maka ba sa son baƙi fim ya kalla. Makon da ya fi daɗin zuwa shi ne ƙarshen mako na biyu na Agusta, lokacin bikinsu na rawa da ganguna, sai dai ka nemi izini kafin ka ɗau hoton mutum, kuma in mai sanarwa ya ce a ajiye waya to a ajiye. 'Yan asalin ƙasar ne suka fitar da hanyar ƙafa mai mil 8.5 daga sansanin zuwa kogin Pigeon tun kafin Turawa, su suka riƙa ƙera jiragen ɓawon itace da sayar da abincin da kamfanin cinikin fata na North West ya rayu a kai har ya tashi ya koma Fort William, a Kanada ta yau, a 1803. In kun bi hanyar ku tuna 'yan dako ƙunshi biyu suke ɗauka, kowanne nauyin fam 90. Beyar kuma akwai, baƙar ce, yawanci gudun mutum take, ku dai kar ku kwana da abinci a tanti.

Abin da ya dame ni a tambayarka shi ne kwale-kwalen da ka ambata a gurguje. Kullum sai na ji maganar nan daga bakin yaranmu, "ai na iya ruwa, tun ina yaro nake iyo a dam." Wallahi wannan maganar ta gundure ni. Tafkin Supiriya, wanda Grand Portage ke bakinsa, ba ruwan damina ba ne, a wannan gaɓar ko tsakiyar bazararsu sau da yawa sanyinsa bai wuce digiri 10 da 'yan kai a ma'aunin Selsiyos ba, rana na dukanka a sama kana gumi amma ƙasa ƙanƙara ce ta narke. Da ka faɗa, a minti na farko jikinka zai ja numfashi da ƙarfi ba da son ranka ba, in kanka na cikin ruwa a lokacin to ruwa ka shaƙa, shi kenan, iyawarka ba ta ma samu damar aiki ba. In ka tsallake wannan kana da kamar minti 10 kafin yatsu da hannaye su daina jin maganarka, ko igiya aka jefo maka ba za ka iya riƙewa ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan iska.

Sannan ga masu ba da fatawa a WhatsApp, wannan ya ce sha shayi mai citta kafin ka shiga, wancan ya ce akwai layar da aka kawo masa daga gida ruwa ba ya cin mai ita. Haba jama'a. Addu'a wajibi ce, amma rigar ruwa mai hana nutsewa a jiki take, a ɗaure, ba a shimfiɗa ta a zauna a kai ba don hoto ya fito da kyau. Iyayenku sun sayar da abin da suka sayar suka turo ku karatu, ba don a kira su cikin dare da mummunan labari ba.

Kwale-kwale mai buɗaɗɗen baki kar ku sa shi a Supiriya, iska na juyawa nan take. Ku nemi ƙaramin tafki na cikin daji da mai jagora, ko ku hau dutsen Mount Rose ku kalli gaɓar daga sama. In kuma kwana za ku yi a Fort Charlotte, can ƙarshen hanyar a bakin kogin Pigeon, sai da takardar izini, ku nema tun kafin ku taso.