Tambayi Likita: Maganin Soka Allura na Sinawa

Likita, na ga bidiyon wani mutum an jera masa allurai a gadon baya, wai akufanca. Wane magani ake ɗura masa? (Malamin makaranta, Zariya)

Malam, ko ɗigon magani babu a ciki. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami, kuma akan bar ta a jiki minti 20 zuwa 30. Sinawa sun fi shekara 2000 suna wannan aiki. A fahimtarsu ta gargajiya, akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" mai gudana ta manyan hanyoyi 12 a jiki, idan ya toshe sai ciwo ya taso. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurare 361 da ake sokawa. Sai dai masu nazarin jikin ɗan Adam ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da bincike ya nuna shi ne sukan yana taɓa jijiyoyi, saƙo ya tafi laka da ƙwaƙwalwa, jiki ya saki sinadaransa na rage zafi irin su endofin.

Shekara da shekaru ciwon baya ya hana ni sakat, ga ciwon kai na ɓari ɗaya. In gwada? (Uwargida, Maraɗi)

Sannu Hajiya, Allah ya ba da lafiya. Inda akufanca ta fi nuna amfani ke nan, wato ciwo mai daɗewa. A 2007 an wallafa wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum fiye da 1000 masu ciwon baya. Kusan rabin waɗanda aka yi wa akufanca sun ji sauƙi, alhali a cikin masu shan magani da motsa jiki sama kaɗan da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka samu. Amma waɗanda aka soka wa allura sama-sama, ba a wuraren da Sinawa suka tsara ba, su ma sun ji sauƙi kusan daidai da na farkon. Ni a ganina, kulawa da sa rai suna da babban rabo a wannan sauƙi, kuma ban raina shi ba. Game da ciwon kan, hukumar NICE, mai ba likitocin Birtaniya shawara kan hanyoyin magani, ta yarda a gwada akufanca har zama 10 cikin mako 5 zuwa 8 idan magungunan hana tasowar ciwon ba su yi ba. Ki fara zuwa asibiti a gano musabbabin ciwon bayan tukuna.

An ce wa mahaifina zai iya ajiye maganin hawan jini da na sukari idan ya fara akufanca. (Ɗalibi, Kumasi)

Don Allah kada Baba ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Akufanca ba ta maye gurbin waɗannan magunguna, kuma barin su kan jawo shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda.

Idan don ciwon gwiwa zai je, ka raka shi, ka ga an ɓare sababbin allurai a gabanku. Allurar da aka maimaita tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau kamar askar wanzami da ba a tsabtace ba. Wanda bai ƙware ba kuma yana iya huda huhu idan ya zurfafa suka a ƙirji ko saman baya. A gaya wa mai aikin Baba yana da sukari, kuma a faɗa masa idan yana shan maganin tsinka jini.