Na ci 248 a JAMB amma Fiziks ta ƙi ni

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah ina neman shawara. Bana na ci 248 a JAMB kuma likitanci na cike, matsalar rizol ɗina na WAEC D7 ne a Fiziks, sauran duk kiredit ne. Ƙawata ta ce tunda makina ya haura 200 za su ɗauke ni haka nan, shi kuma Baba ya kafe sai likita. Ya zan yi? Ɗalibarka.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. 248 cikin 400 ba wasa ba ne, sannu da ƙoƙari, amma gaskiya ƙawarki ba ta faɗa miki daidai ba. Makin JAMB da rizol ɗin sakandare abu biyu ne daban kuma kowanne sai ya cika, kiredit daga A1 yake zuwa C6, D7 da E8 fas ne kawai. Likitanci kuwa kiredit biyar ake nema, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, ko 300 kika ci in ɗaya daga cikinsu ya faɗi to admishan ɗin ba zai wuce ba, kuma jami'o'i da yawa ma cewa suke sai a zama ɗaya kika kawo su, ba haɗa WAEC da NECO.

Wannan batu na zama ɗaya shi ne ke kayar da yara, sai ka ga yarinya ta je ta sake Fiziks kaɗai ta dawo da B3 tana murna, a wajen tantancewa a ce mata ai rizol biyu ne ba a karɓa a wannan kwas ɗin. Don haka kafin ki yi rajistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, shiga IBASS, shafin JAMB na intanet mai ɗauke da sharuɗɗan kowane kwas, ki duba abin da jami'ar da kika zaɓa ta rubuta da kanta, in zama ɗaya ta ce to duka darussan za ki sake. Kar ki ce za ki gudu aikin jinya ko ilimin haɗa magunguna, su ma Fiziks ɗin suke so.

Sannan ko da rizol ɗin ya gyaru, likitanci ne kwas ɗin da aka fi yi wa rububi, katof ɗin sashen ya sha bamban da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa na ƙasa, ga kuma Post-UTME, tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB. A jami'o'in tarayya kashi 45 ake ɗauka bisa cancanta, 35 daga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 daga jihohin da ke baya a ilimi, to duba ko jiharki na cikin yankin makarantar.

Maganar Baba kuwa, ki zauna da shi da rizol ɗin a hannu ki nuna masa sharaɗin a rubuce, iyaye sun fi saurin sauka in sun gani da idonsu. Ni a ganina in har ke ma likitancin kike so a ranki, shekara ɗaya ta gyara ba asara ba ce a kan karatun shekara 6. In kuma don shi kawai kike yi, JAMB na ba da damar canjin kwas, ki nemi wanda kiredit ɗinki ya isa.

Tambaya: Malam na gama NCE, sai na sake rubuta JAMB kafin na shiga jami'a?

Amsa: A'a ɗan'uwa, fom ɗin Direct Entry za ka saya a JAMB, babu zaman UTME, wato jarabawar JAMB ɗin, aji biyu za ka fara in an ɗauke ka. Haka masu difloma ta ND da masu IJMB, karatun share fagen shiga jami'a. Amma kiredit ɗin sakandare na nan a kanka, kuma kwas ɗin ya zama yana da alaƙa da darussan da ka haɗa a NCE ɗin.