Yadda gandun San Pedro ya tsallake gwamnatoci uku

Ka yi tambaya kan ko filayen da Sifaniya ta raba wa mutane a Kalifoniya sun ci gaba da zama a hannun magada bayan mulki ya sauya. Yawancinsu sun salwanta ta hanyar bashi da kuɗin shari'a, amma Rancho San Pedro, da ke kudu da Los Angeles, ya fita daban.

A shekarar 1784 Gwamna Pedro Fages ya bai wa wani tsohon soja, Juan José Domínguez, izinin kiwo a kan eka kusan 75,000. Izini ne kawai, domin ƙasar tana nan a matsayin mallakar sarkin Sifaniya, kuma ba a nemi yardar ƙabilar Tongva da aka tarar a wurin ba. Bayan rasuwar Domínguez a 1809, wasiyyinsa Manuel Gutiérrez ya bar iyalan Sepúlveda suna kiwo a ɓangaren yamma, kuma wannan sakacin ne ya haifar da doguwar taƙaddamar da ta ƙare a 1846, lokacin da hukumar Meziko, wadda ta gaji mulkin yankin daga Sifaniya, ta yanka musu wannan ɓangaren, wato Palos Verdes.

Da Amurka ta karɓi yankin, dokar 1851 ta wajabta wa kowa ya gabatar da hujjarsa ta mallakar fili gaban wani kwamitin gwamnati. Manuel Domínguez, jikan ɗan'uwan sojan, ya yi nasara, kuma a 1858 Shugaba James Buchanan ya sa hannu a takardar mallakar eka 43,119. Da ya rasu a 1882, 'ya'yansa mata shida suka gaje shi, zuriyarsu kuma har yanzu tana riƙe da wani sashe ta hannun kamfanoni irin su Watson Land Company.