Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Yaron da Hoton Gawa ke Ba Shi Dariya

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan waya suka taru: hotuna da bidiyon da ake turo mana, da yadda zuciyar kowa ke karɓarsu.

Likita, da na ga hoton jini sai jiri ya kwashe ni, har na taɓa faɗuwa. Ƙawayena sun ce iska ce. Daga wata ɗaliba a Katsina.

Ba iska ba ce, 'yata. Ganin jini kan sa bugun zuciyar wasu ya yi sanyi farat ɗaya, jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ya ragu. Da kin ji alamar, ki kwanta ki ɗaga ƙafafu. Amma in sumar na zuwa haka kawai, ko da fizge-fizge ko ciwon ƙirji, ki je asibiti.

Maigidana ko hotona na tura masa sai ya ce na haɗe rai. Yara suka kalle shi, ya ce raini ne. Mene ne wannan? Daga wata matar aure a Gusau.

Baiwar Allah, abu ne sananne. Tun 1980 wani masani a Amurka, Kenneth Dodge, ya nuna cewa yara masu yawan faɗa sukan ɗauki abin da aka yi musu bisa kuskure a matsayin ganganci. Manya ma haka ne: mai zafin rai kan hango harara a fuskar da babu komai a kanta. Ana magance shi ta zama da likitan halayyar ɗan Adam. In kuwa abin ya kai ga duka, kada ki rufa. Ki sanar da magabatanki, shi kuma a kai shi a duba shi.

Likita, ɗana shekararsa 11. Baffansa ne ke nuna masa bidiyon kashe-kashen 'yan bindiga a waya, wai don zuciyarsa ta yi ƙarfi. Yanzu dariya yake yi in ya gani, har ya ce a maimaita masa. Makon jiya ya ɗaure kyanwa ya ƙona mata jela, kuma kullum cikin dukan ƙanwarsa yake. Babansa ya ce ai namiji ne, kakarsa kuma ta ce a kai shi gidan mari. Daga wata uwa a Zariya.

Maman yaro, wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Bari in fara da baffan. A Jami'ar Florida, Peter Lang da abokan aikinsa sun tara ɗaruruwan hotuna, daga na jarirai da abinci zuwa na gawarwaki, suna nuna wa mutane. Akan liƙa na'ura a yatsu don auna gumi, wata a ƙarƙashin ido don auna ƙiftawa, sannan ana cikin kallo a saki ƙara mai firgitarwa a kunne. Mutum mai lafiya, in mummunan hoto ne a gabansa, razanarsa ta fi ƙarfi. Haka Allah Ya yi mu. A 1993 Christopher Patrick ya yi wannan gwajin a kan fursunoni. Waɗanda aka sani da bushewar zuciya, da baki sun ce hotunan ba su da kyau, amma razanar tasu ba ta ƙaru ba. Wato wannan rashin girgizar da baffa ke son dasa wa yaro ɗan shekara 11, ita ce aka tarar a jikin mutanen da ake tsoro a kurkuku. Jarumi yana jin tsoro da tausayi, dannewa yake yi ya yi abin da ya kamata.

Masu cutar da mutane iri biyu muke gani. Akwai mai zafin zuciya, irin maigidan da aka ambata a sama. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai wuce girman gyaɗa ba, ana kiransa amigdala, shi ne mai gadi da ke kururuwa in ya hango haɗari. Na mai zafin zuciya da ya ga fuska mai fushi sai ya tashi fiye da kima. Irin wannan yakan yi ɓarna, daga baya ya zauna yana nadama. Akwai kuma mai busasshiyar zuciya, wanda in aka nuna masa fuskar mai jin tsoro, mai gadin nasa da ƙyar yake motsi. Kukan ƙanwarsa ba ya tsayar da hannunsa, domin bai kai masa inda ya kamata ba. Na biyun nan nake gudar wa ɗanki.

Ba ina cewa bidiyo kaɗai ke mai da yaro mugu ba, yara da yawa sun gani ba su zama komai ba. Amma yawan kallo na dusashe ji. A wani bincike na 2007, ɗaliban da suka yi minti 20 kacal suna wasan kwamfuta na harbe-harbe, da aka nuna musu bidiyon faɗa na gaske, bugun zuciyarsu da guminsu bai tashi kamar na sauran ba. Minti 20 ke nan, kuma manya ne. To ina ga yaron da ake ɗura wa gawarwakin gaske wata da watanni?

Kuma ba zan yanke masa hukunci ta wasiƙa ba. Wani yaron dariyar tasa tsoro yake rufewa da ita, don kada baffa ya ce masa ragon maza. Ki lura: yana firgita cikin barci? Ya koma fitsarin kwance? Akwai mai dukansa a gida ko a makaranta? Sai an zauna da shi kafin a bambance. Amma azabtar da dabba da gangan alama ce da ba ma wasa da ita. Ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa cikin wannan watan. Akwai sashen a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Tun yana ɗanye icce ke lanƙwasuwa.

Kafin nan, bidiyon ya tsaya yau, kuma babansa ne ya kamata ya gaya wa baffan. Kada ki bar shi shi kaɗai da ƙanwar. Duk sa'ad da ya yi wani abin tausayi, ko ruwa ya miƙa wa wani, ki yaba masa nan take, domin yara irinsa yabo ya fi bulala tasiri a kansu.

Gidan mari kuwa, don Allah Hajiya kakarsa ta bar zancen. Mun manta ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa a watan Satumba na 2019, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya? Yaron da ake so ya koyi tausayi za a kai inda za a ɗaure shi kamar yadda ya ɗaure kyanwa? Asibiti dai, Maman yaro, asibiti.

In na fusata nakan kalli bidiyon dambe ko in naushi bango don in huce. Daidai ne? Daga wani matashi a Maraɗi.

A'a. A 2002 wani masani, Brad Bushman, ya gwada: waɗanda suka naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru fusata. Ka bar wurin, ka zauna, ka yi alwala, ka ja numfashi a hankali.

Wani mai kemis ya ba ni D5 da tramol, ya ce za su rage mini zafin rai. Daga wani direba a Kano.

Inna lillahi! Direba kuma? D5 ɗin, wato diazepam, na sa gyangyaɗi a kan sitiyari, wasu ma ƙara musu rashin kamun kai yake yi. Tramol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haɗa su biyun kuma na iya danne numfashi. In ka daɗe kana sha kada ka yanke lokaci guda, ka je asibiti a rage maka a hankali. Kuma kada ka hau titi da su a jikinka.

Tun da aka turo hotunan wani hari a zauren WhatsApp na danginmu ba na iya barci. Daga wata malama a Jos.

Ba ke kaɗai ba ce, Malama. Bayan harin bam na birnin Boston da ke Amurka a 2013, an gano cewa masu bin labarin awa shida ko fiye a rana sun fi wasu da ke wurin shiga damuwa. Ki goge hotunan, ki kashe saukar hoto kai tsaye a wayarki, ki roƙi 'yan zauren su daina turowa. In rashin barcin ya wuce mako biyu, ki ga likita, kada ki sayi maganin barci a kemis.